Bashin asusu zai fitar da gwaggona daga talauci?

Wani matashi ne ya aiko mini da wannan tambaya: "Hajiya, barka da aiki. Ina da gwaggo a ƙauyenmu, bayan Tibiri. Mijinta ya rasu shekara biyu ke nan, ya bar ta da yara biyar. Abin da suke nomawa ba ya kai su wata huɗu. Yanzu ma'aikatan wani asusu sun zo suna rubuta sunayen mata, za su ba kowace jika 100, a biya cikin wata goma. Ni kabu-kabu nake yi a Maradi, an ce in tsaya mata. Kullum a rediyo ana cewa irin wannan bashi shi ne maganin talauci. In sa ta ko in hana ta?"

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya tambaya kafin ka dangwala yatsa a takarda. Kada ka sa ta, aƙalla ba bana ba. Na yi shekara bakwai ina bin ƙungiyoyin mata a ƙauyukan Madarunfa da Gidan Rumji da Agye, na ƙara tara a teburin ba da bashi a nan cikin Maradi, kuma ba ni da gaba da wannan aiki. Shi ya ciyar da ni, na kuma ga waɗanda ya ɗaga da idona. Amma duk wadda na ga bashi ya ɗaga, a tsaye na same ta, da sana'arta a hannu. Gwaggonka, yadda ka siffanta ta, tana neman abin da za ta dafa ne ta miƙe tukuna. (Ga masu karatu daga ƙetaren iyaka: jika a wurinmu sefa 1,000 ce, dala kuma sefa 5.)

Kalmar "talaka" babbar riga ce, ta rufe mutane iri-iri. Akwai mai tuyar ƙosai a bakin tasha wadda ƙullunta ke ƙarewa kafin hantsi, masu saye na juyawa, abin da ya hana ta gaba kawai shi ne ba ta da kuɗin sayen buhun wake da kaka, sai awon tiya biyu kullum da tsada. Wannan talaka ce, kuma bashi zai yi mata rana. Akwai kuma wadda rumbunta ke yin fayau tun sanyi bai fita ba, tana surfe da daka a gidajen mutane a biya ta da dusa da ɗan tsaki, damina ta faɗi ta bar gonarta cikin ciyawa ta tafi barema a ta wani don a ci yau. Bankin Duniya yana da ma'auninsa na wannan hali: a da dalar Amurka 2.15 ce ga mutum a rana, a watan Yunin 2025 ya mai da shi dala 3. Mu a ƙauye da wani abu muke aunawa: sau nawa ake hura wuta a gidan, akwai akuya ko ɗaya a turke, gonar wa take nomewa a watan Yuli.

In jika 100 ta shiga irin wannan gida, ga yadda take tafiya. Kuɗi ba a rubuta musu suna a goshi ba. Uwa ba za ta zauna da damin takardu a bakin zane ɗanta na kukan yunwa ba, kuma babu mai hankalin da zai zarge ta. Jika goma sha biyar ta tafi awo a makon farko. Mai shago ya ji labari, ya zo karɓar nasa. Wanda ya ba ta hatsi bara da alkawarin ninki da kaka, bashin nan da muke kira a ci ba daɗi, shi ma ya iso. Ga bikin ƴar ƙawarta wadda ta yi mata gudummawa lokacin takaba, ba ta isa ta ƙi ramawa ba. Abin da ya rage shi ne jarin, watakila rabi. Biya kuwa na jika 100 ne cif da ruwansa, kuma wata ɗaya bayan karɓa za a fara ƙwanƙwasa ƙofa.

Bari in ba ka labarin da har yau yake cina. Wata mata ce a wani ƙauye kudu da Maradi, ta karɓi jika 50 a hannuna don ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ta iya aikinta: in ta murza tunkuza man har sheƙi yake yi a kwalba. Wata uku ta biya ba fashi. Cikin marka zazzaɓi ya kama autanta, aka kawo shi asibiti a gari, suka kwana goma sha ɗaya. Tun 2006 doka ta ce maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, amma kuɗin mota da abincin jinya da maganin da aka ce a sayo a waje, su ba su san da doka ba. Ta dawo da yaron a raye, jari ya mutu. Bashin na ƙungiya ne, in ɗaya ta gaza an hana sauran sabon bashi, don haka ba ni ma na matsa mata ba. Matan ƙungiyarta ne suka zo su tara, suka shimfiɗa tabarma a tsakar gidanta tun safe, ba zagi, ba faɗa, zama kawai. Ta fara sayar da akuya. Wata na gaba ta ɗauki kwanonin da take tarawa ƴarta na aure, waɗanda ta jera a bayan gado ta rufe da tsohon zane, ta kai kasuwa. Ni na ƙirga kuɗin da hannuna, na buga hatimi a ɗan littafinta. A rahoton da muka aika sama ƙarshen shekara, tana cikin waɗanda suka biya ɗari bisa ɗari, kuma an yaba mana.

Shi ya sa in ka ji mai asusu yana alfahari da cewa kashi 98 na matansa suna biya, ka tambaye shi da me suka biya. Yawan biya yana nuna lafiyar asusun ne. Halin gidan da kuɗin suka fito, wannan wani lissafi ne dabam, kuma ba kowa ke yinsa ba.

Maganar da kake ji a rediyo tana da asali. A 1976 wani malamin jami'a a Bangaladash, Muhammad Yunus, ya tarar da mata a ƙauyen Jobra suna saƙa kujerun gora, masu ba su kuɗin gora suna cinye ribar. Ya ranta wa mutum 42 dalar Amurka 27 daga aljihunsa, suka biya. Daga nan bankin Grameen ya samo tushe a 1983. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wa 2005 suna shekarar ƙananan basussuka, a 2006 aka ba Yunus da bankinsa kyautar Nobel ta zaman lafiya. Abin da ya tabbatar gaskiya ne kuma babba ne: talaka na biyan bashi, sau da yawa fiye da mai kuɗi. Amma lura da matan Jobra. Suna da sana'a, suna da masu saye, azzalumi ne kawai ya tsaya a tsakani. Daga baya masu talla suka ja maganar har ta zama wai kowane matalauci ɗan kasuwa ne da ke jiran jari. Jihar Andhra Pradesh ta Indiya ta ga ƙarshen wannan zance a 2010, lokacin da kamfanoni suka yi ta rige-rigen ɗora wa mata bashi kan bashi, aka yi ta samun rahoton masu kashe kansu, har gwamnatin jihar ta kafa dokar da ta kusa tsayar da harkar baki ɗaya.

Masu bincike sun zo sun auna. A 2015 aka buga sakamakon gwaji shida da aka yi a Bosniya, Habasha, Indiya, Meziko, Mongoliya da Maroko, inda aka kwatanta waɗanda aka buɗe wa ƙofar bashi da waɗanda ba a buɗe wa ba. An ga wasu sun faɗaɗa sana'a, an ga mutane sun sami ɗan sarari wajen juya kuɗinsu, amma a jimlace ba a ga kuɗin shigar gida ko abin da ake ci sun tashi a fili ba. Da aka ƙara tona bayanan, ribar da aka samu ta fi taruwa wurin masu sana'a tun kafin bashin. Da na karanta wannan ban yi mamaki ba, mai ƙosai da mai barema na gani a ciki.

Yanzu zo mu yi lissafin jika 100 ɗin, don ka iya yi da kanka. Ban ga takardarsu ba, misali nake bayarwa. Mu ce an ce ruwa kashi 2 ne a wata. Kunne zai ji kaɗan ne. Amma in ana lissafa shi a kan jika 100 ɗin farko har ƙarshe, kowane wata za ta kai jika 12: goma uwar kuɗi, biyu ruwa. A wata na goma jika 10 kaɗai ta rage a kanta, amma ruwan jika 100 take biya. In ka bi shi daidai, ya kusa kashi 3 da rabi a wata, ya haura kashi 40 a shekara. Sai ka ƙara kuɗin buɗe littafi, kuɗin takardu, da ajiyar dole da wasu ke riƙewa, ta yadda jika 85 ko 90 za ta shigo hannunta amma ta biya ruwan 100. A ƙasashenmu na Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, tun 2014 iyakar da aka yanka wa asusun ƙananan basussuka kashi 24 ce a shekara, kuma ana haɗa har da waɗannan caje-caje a lissafin. Saboda haka kada ka tambayi "kashi nawa". Ka ce: nawa za ta riƙe a hannunta ranar karɓa, nawa za ta biya gaba ɗaya, a waɗanne ranaku. A rubuta maka. Ka kuma nemi ganin takardar izininsu ta ma'aikatar kuɗi, domin akwai hukumar ARSM da ke sa ido a kan wannan fanni a Nijar, kuma duk da haka mun sha ganin ƴan jaka da suka tara ajiyar mata suka ɓace.

Ban ce tsadar duk zalunci ba ce. Bin jika 50 a ƙauyen da sai an yi awa biyu a yashi bisa babur yana cin mai da albashi kamar bin miliyan biyar a cikin gari. Amma dalilin asusu ba ya rage nauyi a kan mai biya. Sana'ar gwaggo sai ta haifi ruwan nan, ta ciyar da baki shida, ta kuma bar jarin da rai. Ƙuli-ƙuli a ƙauyen da mata ashirin suka karɓi bashi rana ɗaya, goma sha biyu cikinsu ƙuli-ƙuli za su yi, wa zai saya?

Ba ka tambayi batun riba ba, amma na san gwaggo za ta tambaya, ko limaminku. Ni ba malama ba ce, hukunci na malamai ne. Abin da na sani shi ne aya ta 275 a Suratul Baƙara ta halatta ciniki ta haramta riba, aya ta 280 kuma ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Akwai masu ba da jari ta hanyar murabaha: su sayi kayan, su sayar maka da ribar da aka sani tun farko, ka biya sannu a hankali. Wannan yana kwantar da zuciya, yana kuma hana kuɗin bin wata hanya tunda kaya aka ba ka. Amma ranar biya tana nan, zazzaɓi ma yana nan.

To me ke aiki? Abin dariya, amsar farko a nan gida aka haife ta. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara shirin Mata Masu Dubara a jihar Maradi, tare da wata ma'aikaciyarta ƴar Norway, Moira Eknes. Adashinmu na gargajiya aka ɗauka aka gyara. Mata ashirin zuwa talatin su haɗu kowane mako, kowace ta zuba abin da aka yarda, ko dala 20 ne. Kuɗin na cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku, akwatin a ɗakin ta huɗu, ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Mai bukata ta ranci kaɗan ta mayar da ɗan ƙari, ƙarin kuma nasu ne, ba ya fita gari. Ƙarshen zango, galibi gab da damina ko salla, a fasa a raba. Na zauna da ƙungiyoyin da babu mai karatu ko ɗaya a ciki, amma kowace ta haddace bashin ta kusa da ita, in aka kira suna sai ka ji an amsa da adadi kamar ana bitar allo. Wasu da na sani sun daina karɓar ƙari saboda addini, suna sayen gyaɗa ko aya da kaka su sayar da bazara su raba ribar. Wannan dubara ta Maradi yau ana yin ta a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya.

Bambancinta da bashin waje shi ne girman bashin yana bin girman ƙarfin mace. Wadda ke zuba dala 20 ba za a ba ta jika 100 ba, jika 3 ko 5 za ta ɗauka, in ta faɗi ba ta karye ba. Kuma akwai ƙaramin asusun taimako a gefe na ciwo da rasuwa. Sai dai kada in yi maka irin tallar da nake kuka da ita. Wani bincike da aka buga a 2017 a kan irin waɗannan ƙungiyoyi a Gana, Malawi da Uganda ya ga sana'o'in gida sun inganta, muryar mata ta ƙaru, amma bai ga abin da gida ke ci ya ƙaru a jimlace ba. Akwati garkuwa ne, yana hana sayar da akuya ranar ciwo. Shi kaɗai ba ya cika rumbu. Haka ajiyar hatsi a magaza, wato ɗakin ajiyar kaya, a karɓi bashi a kansa, wadda hukumar FAO ta yaɗa a ƙasar nan tun ƙarshen shekarun 1990: dabara ce mai kyau ga manomin da ke da rarar buhu, gwaggo kuwa ba ta da shi.

Abin da ya fi nuna ƙarfi ga masu irin halinta kyauta ce mai tsari. Ƙungiyar BRAC ta Bangaladash, wadda ita kanta babbar mai ba da bashi ce, ta gane cewa na can ƙasa ba sa amfana, sai ta fito da wani shiri a 2002: a ba mace dabba ko kayan sana'a kyauta, a ba ta abin ci na wasu watanni don kada ta sayar da dabbar, a koya mata, a riƙa ziyartarta, a sa ta ajiya. An gwada shi a Habasha, Gana, Honduras, Indiya, Pakistan da Peru, aka buga sakamakon a 2015: a yawancinsu cin abinci da dukiyar gida sun ƙaru, kuma ƙaruwar ta tsaya shekara guda bayan an janye hannu. A nan Nijar ma an yi makamancinsa a cikin shirin tallafin gwamnati wanda a lokacin yake ba matan karkara jika 10 kowane wata har shekara biyu. An ƙara musu ƙungiyar ajiya da horo da mai bibiya, wasu aka ba su jika 80 a dunƙule kyauta, wasu aka yi musu zaman ƙarfafa zuciya da taron gari inda maza da dattawa suka tattauna sana'ar mata. Mujallar Nature ta buga sakamakon a 2022: kuɗin shigar matan da cin gidajensu sun ƙaru, kuma ɓangaren zaman da taron garin, mai arha, ya biya kuɗinsa fiye da yadda aka zata. Wannan bai ba ni mamaki ba. Na ga jari da yawa da ya mutu saboda miji ko ƙanen miji ya ce "ara mini, gobe in mayar".

Kai ba furoje ba ne, wato babban shirin tallafi, amma kana iya yin ƙaramin irinsa, kuma da kuɗin da bai kai wanda za ka yi asara ba in bashin ya faɗo kanka. Da kaka, lokacin da tiya ta yi sauƙi, ka sayi hatsi ka ajiye a wurinka a Maradi, kada ka kai mata sai watan Yuli da Agusta. Wannan hatsi shi zai sa ta nome gonarta a kan lokaci maimakon ta wani, kuma a nan ne amfanin baɗi yake. Ka saya mata jar akuya, ko biyu in da hali. Ba banza sunan akuyar nan ya kai nesa ba: cikinta wata biyar ne, tana yawan haifar tagwaye, ga nono ga yara. Ka ba ta a matsayin kiwo, a gaban maigari ko wani dattijo, a san uwar taka ce ƴaƴan nata ne. Wannan zai ba ta bakin cewa "ba tawa ba ce" ranar da wani ya zo da ido a kanta. Ka yi wa akuyar rigakafi wurin likitan dabbobi. Sannan ka nemi ƙungiyar akwati a ƙauyen, da wuya a rasa a yankin Tibiri, ka ɗauki nauyin zubinta na zango ɗaya, dala 40 a mako ba za ta gagare ka ba. Ka leƙa ofishin magajin gari ka ji ko ana rubuta gidaje a wani shirin tallafi, domin gwauruwa mai marayu biyar tana cikin waɗanda ake nufi.

Ranar da bashin asusu zai dace da ita tana da alamu. Ta yi shekara tana sana'a ɗaya ba ta tsaya ba. Ta ɗauki bashin akwati sau biyu ko uku ta mayar daga ribar sana'ar. Tana iya faɗa maka da ka nawa take samu a tiyar gyaɗa bayan ta cire itace da niƙa. Masu saye sun fi kayanta yawa. Akwai awaki uku ko huɗu a turke da za su tare ciwo. In waɗannan sun cika, ta fara da jika 25 ko 30, ta karɓa da kaka lokacin da gyaɗa ke da arha, kada ta karɓa da bazara lokacin da yunwa za ta raba kuɗin da ita. In turkar rago za ta yi don layya, a nemi bashin da ake biya gaba ɗaya bayan an sayar, domin rago ba ya biyan wata-wata.

Batun tsayawa kuma, ka san me ake nufi: in ta gaza kai za a bi, kuma abin da kake da shi da za a iya kamawa babur ne. Kada takardar babur ɗinka ta shiga wannan magana ko da wasa, shi ne rumbun gidanku biyu. Kuma kada ka faɗa mata a waya. Ƙawayenta za su karɓi kuɗi a gabanta, za ta ji kamar ka raina ta ne ko ka hana ta rabonta. Ka je da kanka ranar kasuwar Tibiri, ka zauna ka yi mata lissafin jika 12 ɗin nan da tsinke a ƙasa, wata bayan wata har goma, ka bar ta ita ta faɗi inda za su fito a watan Agusta. In da hali, akuyar ta riga maganar shiga gidan.